Littafin da Muka Raba Gida Huɗu

A shekarar 2003, ina aji uku na ƙaramar sakandare a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan Jihar Zamfara, wata 'yar ajinmu ta dawo daga hutun da ta yi a gidan kawunta a Kaduna da wani littafin Turanci a ƙasan akwatinta, ƙarƙashin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sabulun wanki. Bangon gaba ya riga ya cire, gefen shafukan ya yi baƙi saboda yawan hannayen da suka taɓa shi, kuma ita kanta ba ta karanta shi ba. Ta ɗauko shi ne kawai saboda ta ga 'ya'yan kawun nata suna faɗa a kansa. Littafi na uku ne a jerin labaran Harry Potter, amma mu ba mu san da haka ba sai da muka yi nisa a cikinsa, muka riƙa cin karo da zancen abubuwan da suka wuce waɗanda ba mu da labarinsu, kamar yaron da ya iso dandali bayan an daɗe da cewa "ga ta nan, ga ta nanku".

Kafin mako biyu su cika, masu jiran littafin sun fi ƙarfin kwafi ɗaya. Sai muka sa reza muka raba shi gida huɗu, muka ɗinke kowane kashi da zare da allura, muka rubuta sunayen masu layi a bayan wani tsohon littafin lissafi. Kowace yarinya kwana biyu ake ba ta a kan kashi ɗaya, ta karanta da tocila a cikin gidan sauro bayan an kashe fitila, sannan ta miƙa wa ta bayanta. Wadda ta wuce kwanakinta sai a mayar da sunanta ƙarshen layi, kuma a wannan zangon babu hukuncin da ya fi wannan zafi a ɗakinmu.

Da yawa daga cikinmu Turancinsu bai kai ga ɗaukar littafin ba, don haka aikin tafinta ya faɗo kaina, saboda na tashi a gidan da Baba yake sa mu karanta masa jarida da ƙarfi. Kullum da dare sai a kewaye gadona, na ba da labarin inda aka tsaya da Hausa. A nan na fara gane cewa labari ba ya ƙetare teku salin-alin. Jirgin ƙasan da ke kai yara makaranta bai ba mu wahala ba, domin muna da 'yan Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya ƙare, su suka yi wa sauran bayanin tasha da tarago. Rabon ɗalibai gida-gida da gasar da ake yi tsakanin gidajen ma mun san shi, haka muke a tamu makarantar. Abin da ya gagara shi ne mujiya. A cikin labarin mujiya ce ke kai wasiƙa, kuma yaro yana ajiye ta a keji yana shafa ta yana ba ta abinci. A wurinmu kuwa mujiya tsuntsuwa ce da idan ta yi kuka a kan rufin gida tsofaffi suke tashi su yi addu'a, kuma idan aka ce ana yi wa mutum kallon mujiya, kowa ya san ƙiyayya ake nufi. Daren farko da na ambace ta, wata yarinya ta toshe kunnuwanta ta ce ba za ta ci gaba da sauraro ba. Washegari na mayar da ita tantabara, sai waɗanda suka riga suka karanta wannan kashin suka taso mini, suka ce na ci amanar littafi. Mun kwana uku muna wannan gardama, har muka tsaya a kan cewa a bar mujiya a matsayinta, amma a riƙa cewa fara ce, tun da haka littafin ya siffanta ta, kuma farar mujiya ba irin tamu ba ce.

Na daɗe ina tunanin wannan gardamar, domin a yanzu na san cewa abin da muke yi a wancan ɗakin shi ne ainihin abin da miliyoyin masoya wannan labari suke yi a duniya a daidai wannan lokacin, ba tare da mun san da su ba. A watan Yunin wannan shekarar ta 2003 aka saki littafi na 5, mai shafi 766 a bugun Ingila, kuma yara da iyayensu suka yi layi a ƙofar shagunan littattafai har tsakar dare, sanye da doguwar riga da hula mai tsini, suna jiran agogo ya buga 12 a buɗe musu. Tun daga littafi na 4 a shekarar 2000 aka mayar da wannan layin tsakar dare al'ada. Mu ba mu da shago, ba mu da riga, ba mu da hula. Ba mu ma san wanda ya rubuta littafin ba, tun da bangon ya tafi da sunan. Wata a cikinmu ta rantse cewa wani tsohon Bature ne mai farin gemu, kuma muka yarda da ita. Duk da haka babu abin da ya ragu daga soyayyarmu ga labarin, saboda abin da ya riƙe ta shi ne zaman da muke yi tare, da jiran juna, da musu a kan wane ne mugu wane ne mai gaskiya. Wannan shi ne abin da nake son na faɗa a rubutun nan: abin da ake kira soyayyar masoya littafi, tushensa yana tsakanin mai karatu da ɗan'uwansa mai karatu, kuma duk lokacin da aka tumɓuke shi daga nan aka dasa shi a jikin marubuci, wahala ce take biyo baya.

Littafin namu bai ga ƙarshen zango ba. Wata malama mai kula da ɗakunan kwana ta kama wata yarinya da kashi na uku, ta duba ta ga ana zancen sanda da surkulle da darasin duba, ta tattara sauran kasusuwan uku daga hannun masu su, ta ƙone su a gaban ɗalibai. Na yi kuka ranar, kuma na riƙe ta a zuciya shekaru masu yawa. Yanzu da na girma na san cewa tsoronta ba na jahilci ba ne. Shekara uku ke nan a lokacin da fara aiki da shari'ar Musulunci a jihar, a watan Janairun 2000, kuma ko ba don haka ba, kowane ɗan makarantar Islamiyya ya san aya ta 102 a cikin Suratul Baƙara, ya san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sihiri a cikin manyan zunubai 7 masu halakarwa. Bayan haka, a ƙasar da aka rubuta littafin sihiri ya zama abin tatsuniya ga akasarin mutane, mu kuwa a nan boka yana da gida da ƙofa da masu zuwa wurinsa, kuma da wuya a sami dangin da ba a taɓa zargin sammu ko kurciya ko farraƙu a cikinsa ba. Mai kula da 'ya'yan mutane da ta ga littafin da jarumansa masu sihiri ne, tana da dalilin firgita. Ba a nan kaɗai aka firgita ba ma: a Amurka, ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta sanya wannan jerin littattafai a matsayi na farko cikin waɗanda aka fi neman a cire su daga makarantu da ɗakunan karatu tsakanin 2000 da 2009, kuma mafi yawan masu ƙorafin iyaye ne Kiristoci masu irin wannan tsoron.

Abin da na ɗauka kuskure ne a aikinta shi ne wuta, domin wuta ba ta tambayar yaro abin da ya fahimta. Baba ne ya yi mini tambayar da ita ba ta yi ba. Da na je hutu na ba shi labari, sai ya kira ni da sunan da yake kirana, tun da sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ya ce: "Uwata, wanga littafi da anka ƙone, mi ya koya miki?" Na ce masa labarin maraya ne da dangin uwarsa suke wulaƙantawa, da wani mutum da aka ɗaure shekara 12 a kan laifin da bai aikata ba, da abokai uku da ba sa yada juna. Ya tambaye ni ko ya taɓa sa na ji ina sha'awar zuwa wurin boka, na ce a'a. Ya tashi ya ɗauko mini Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ya ce a cikin waɗannan ma akwai aku mai magana da aljanu, kuma malamai sun karantar da su a makarantu tun kafin a haife shi, domin kowa ya san bambancin ƙagaggen labari da aƙida. Ya yarda na ci gaba da karatu bisa sharaɗi biyu: kowane littafin Turanci da na gama sai na bi shi da na Hausa, kuma sai na zauna na ba shi labarin abin da na karanta. Ban ce kowane uba ya yanke irin hukuncinsa ba, kuma ina girmama gidajen da suka zaɓi hanawa gaba ɗaya. Amma ko hanawar za a yi, ta fi albarka idan ta biyo bayan zama da sauraro.

Ta hannun wani ɗan'uwanmu mai zuwa Kano fatauci na tara sauran littattafan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na fara riƙe mai cikakken bango na ga sunan J.K. Rowling, daga baya kuma na gano mace ce. Kamfanin Bloomsbury, wanda ya buga littafin farko a ranar 26 ga Yunin 1997, shi ya ba ta shawarar ta ɓoye sunanta Joanne a bayan haruffa, don gudun kada yara maza su ƙi karanta littafin da mace ta rubuta. Kwafi 500 kacal aka fara bugawa masu kaurin bango, bayan kamfanoni 12 sun mayar mata da rubutunta. Ta ce labarin ya faɗo mata ne a 1990 a cikin jirgin ƙasa daga Manchesta zuwa Landan, kuma ta rubuta babban ɓangarensa a Edinbura, aurenta ya mutu, tana renon jaririya ita kaɗai da tallafin gwamnati. Wannan tarihin ya taɓa ni ƙwarai, domin na san zawarawa da yawa a unguwarmu masu irin wannan nauyin, kuma a nan ne ni ma na fara ɗora wa marubuciyar wani abu daga soyayyar da a da littafin kaɗai da ƙawayena suke da ita.

A watan Yulin 2007, bayan mun gama jarrabawar fita sakandare, yayana ya raka ni wani shagon intanet a Gusau. Ranar 21 ga watan aka saki littafi na 7, na ƙarshe, wanda aka sayar da kwafi kusan miliyan 11 nasa cikin awa 24 a Birtaniya da Amurka. Na shiga ne don na ga yadda zan same shi, sai na tarar da wata duniya da ban taɓa zaton akwai ta ba. Akwai shafin MuggleNet, wanda wani yaro ɗan shekara 12 ya buɗe a Amurka a 1999, akwai The Leaky Cauldron, akwai wani da ya tattara kowane suna da kowace kalma ta cikin littattafan kamar ƙamus. Mutane suna rubuta dogayen maƙalu suna kafa hujja da shafi da layi a kan ko wani malami a cikin labarin maci amana ne ko mai riƙon amana, irin musun da muka yi a kan gado, sai dai su da su dubbai ne. A FanFiction.net kuma na ga dubban ɗaruruwan labarai da masoya suka ƙaga da kansu, suna ɗaukar mutanen cikin littafin su ɗora musu sabuwar rayuwa, wasu su aurar da waɗanda marubuciyar ba ta aurar ba, wasu su tashi wanda ta kashe. A wannan zaman ne kuma idona ya faɗa kan wani layi da ya fallasa mini ƙarshen labarin tun ban ga littafin ba, na koma gida raina a ɓace.

Wannan soyayya ta haifar da abubuwa na zahiri. A 2005 ɗaliban wata kwaleji mai suna Middlebury a Amurka suka sauko da wasan ƙwallon da ake yi a sama a cikin labarin zuwa ƙasa, suna gudu da tsintsiya a tsakanin ƙafafu, har ya zama wasa mai ƙungiyoyi da gasa a ƙasashe da dama. A shekarar 2005 ɗin dai aka kafa wata ƙungiyar masoya mai suna Harry Potter Alliance, wadda ta riƙa tara littattafai da kuɗin agaji. A tashar King's Cross ta Landan har yau mutane suna yin layi don ɗaukar hoto a jikin bangon da labarin ya ce ta nan ake shiga wurin hawa jirgin makaranta. Sai dai wuraren shaƙatawa da kantunan sayar da sanda da riga ba su taɓa burge ni ba, domin su kasuwanci ne da ya biyo soyayyar a baya yana tsintar kuɗi. Abin da ya fi girma a idona shi ne yaran da suka fara da ƙaga labari a kan mutanen wani, suka sami masu karanta musu da masu yi musu gyara, har hannunsu ya faɗa suka koma rubuta nasu.

Iyakar da ke tsakanin masoyi da mai abu ta fito fili a kan wancan shafi mai kama da ƙamus. Marubuciyar da kanta ta taɓa yaba shi, ta ce takan leƙa shi idan ta manta wani abu. Amma da wani ƙaramin kamfani ya tashi buga shi a matsayin littafin sayarwa, sai ita da kamfanin Warner Bros., mai yin finafinan labarin, suka kai ƙara, kuma a 2008 kotu a Amurka ta hana bugun, bisa hujjar cewa an kwashi kalmominta da yawa fiye da ƙima. Sai da aka sake rubuta shi aka rage kwashe-kwashen kafin ya fito. Masoya da yawa sun ji ciwo, amma ni ina ganin tana da gaskiya a nan, kuma abin da ya sa nake ganin haka yana gabanmu a adabin Hausa. Marubutanmu, akasarinsu mata, sun daɗe da sanin masoya: tun zamanin da ake jera sunayen makaranta da gaisuwarsu a shafukan littattafan da ake bugawa a Kano, har zuwa yau da marubuciya take sakin shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna biyan ɗan abin da ta yanka. A cikin masoyan nan ne ake samun mai kwafe littafin kuɗi ta watsa shi kyauta, da mai karanta shi a YouTube ba da izini ba, kowannensu yana cewa don ƙauna ya yi. Ni ma ina da nawa kason a wannan laifi, domin littafi na 7 da ya iso hannuna bayan watanni bugun sata ne, mai dusasshen rubutu, kuma na san haka lokacin da na karɓa. Jin daɗin labari namu ne, babu mai ƙwace mana shi, amma gumin da aka zuba wajen rubuta shi yana da mai shi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, masoya sun miƙa wa marubuciyar abin da bai kamata su miƙa ba. Bayan littattafan sun ƙare ta ci gaba da ƙara bayanai a Twitter da shafinta na Pottermore, mutane suna jiran kalmarta kamar hukuncin alƙali, har wanda ya fahimci wani abu da kansa daga littafin ya riƙa janye fahimtarsa idan ta saɓa wa tata. Wasu sun ɗauke ta uwa, wasu sun ɗauke ta malamar tarbiyya. Da ta fito a 2020 ta bayyana ra'ayinta a kan batun masu sauya jinsi, tana cewa jinsin da aka haifi mutum da shi gaskiya ne da bai kamata a share shi ba idan ana zancen haƙƙoƙin mata, sai gidan ya rabu biyu. Manyan 'yan wasa uku da suka fito a finafinan 8 da aka yi tsakanin 2001 da 2011 suka fito fili suka saɓa mata. Shafukan masoya biyu da na ambata suka sanar da cewa sun daina sanya hotonta da ba da labarin sauran harkokinta. Ƙungiyar agajin ta canza suna a 2021, masu wasan tsintsiya ma suka canza sunan wasansu a 2022, suna kafa hujja da batun haƙƙin mallakar sunan da kuma son nesanta kansu da ita. Na karanta rubuce-rubucen manyan mutane masu 'ya'ya suna cewa ji suke kamar an ƙwace musu ƙuruciyarsu.

Hukunci a kan wannan muhawara ba shi ya kawo ni ba, kuma wanda ya ga bai dace kuɗinsa ya shiga aljihun wanda bai yarda da tafiyarsa ba, yana da ikon riƙe abinsa. Abin da ya tsaya mini shi ne wannan kalma ta ƙwace ƙuruciya. Na tambayi kaina ko akwai abin da matar nan za ta faɗa, mai daɗi ko marar daɗi, da zai shiga ɗakin kwananmu na 2003 ya canza abin da ya faru a cikinsa, na ga babu. Ba ta cikin ɗakin. Waɗanda suke ciki su ne yarinyar da ta toshe kunne saboda mujiya, da wadda ta ɗinke kasusuwan, da wadda ta ba ni aron batirin tocilarta. Mun yi sa'ar da ba mu san mun yi ba, domin mun so labarin kafin mu san mai shi. A daidai wannan lokacin kuma na ga wasu mutanenmu a Facebook, waɗanda ba su taɓa buɗe shafi ɗaya na littafin ba, wasunsu ma jiya suke kiransa koyar da tsafi, sun wayi gari suna yabon marubuciyar saboda maganarta ta zo daidai da ra'ayinsu. Ma'aunin ɗaya ne da na waɗanda suka zubar da littattafansu: duka sun auna rubutu da mutum, ba su auna shi da abin da ke cikinsa ba.

Shekarar 2021 ce ta dawo mini da wannan labari cikin gida. A watan Fabrairu aka sace 'yan mata 279 daga makarantar kwana a Jangebe, aka rufe makarantun kwana. A watan Satumba aka sake rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar, muka yi makonni a Gusau babu kira babu intanet. 'Yar yayana, wadda take da shekara 11 a lokacin, tana zaune a gida babu abin yi, sai ta buɗe kwalin da na ajiye tsofaffin littattafaina. Na nemi izinin babanta, na gindaya mata sharuɗɗan da Baba ya gindaya mini, ta fara daga na farko, abin da ni ban samu ba. Da ta kai na biyu, inda ake kai wa ɗalibai hari a cikin makaranta har ana maganar rufe ta, sai ta zo ta same ni a kicin ta ce: "Goggo, su ma ana rufe musu makaranta?" Da ta kai na shida, inda iyaye suke zuwa suna ɗauke 'ya'yansu saboda tsoro, ta yi kwana biyu ba ta taɓa littafin ba. Ni a ƙuruciyata na karanta waɗannan wurare a matsayin abin ban tsoro mai daɗi, irin na dodo a tatsuniya. Ita kuwa ta karanta su ne a matsayin labarin ajinsu. Marubuciyar ba ta san Jangebe ba lokacin da take rubutu, kuma ba da mu take ba, amma yarinyar ta sami wurin ajiye tsoronta a cikin shafukan, ta sami kalmomin da za ta yi mini tambayar da ta kasa yi kai tsaye.

Ban koya mata ba, amma kafin a dawo da layukan waya ta tara yaran maƙwabta a tsakar gida bayan sallar isha'i tana ba su labarin da Hausa. Na zauna daga nesa ina jiran ta iso wurin mujiya, kuma da ta iso, gardamar da aka yi shekara 18 da suka wuce ta sake tashi kusan kalma da kalma. A daren ne na ba ta labarin reza da zare da layin sunaye.

Da intanet ya dawo ta shiga neman ko akwai Afirka a cikin wannan duniya, ta tarar da abin da aka wallafa a Pottermore a 2016: wata makaranta mai suna Uagadou a cikin duwatsun Yuganda, wadda aka ce ita ce mafi girma a cikin manyan makarantu 11 na labarin, tana ɗaukar ɗalibai daga ko'ina a nahiyar. Tun lokacin da aka wallafa shi 'yan Afirka da dama suka yi ƙorafin cewa an dunƙule nahiya mai ƙasashe sama da 50 wuri guda. Ita ma abin bai gamsar da ita ba. Ta ce yaron Birtaniya yana da makarantar da ke magana da harshensa, ita kuma an haɗa ta da mutanen da ko gaisuwarsu ba ta sani ba. Na ce mata wannan matar ta rubuta ƙasarta ne da abin da ta sani, kuma ba bashinmu ta ci ba da za mu zauna jiran ta biya.

Daga nan ta sayi littafin rubutu mai shafi 80 ta fara nata. Da farko kwaikwayo ne tsantsa, har da sanda da tsintsiya, sunaye kawai ta canza. Na karanta na yi shiru, domin na san ta nan ake farawa. A littafi na biyu sandar ta ɓace. A na uku makarantar ta koma cikin Dutsen Kwatarkwashi, wanda take gani ta tagar mota duk lokacin da za mu Funtuwa, ɗaliban kuma ba sihiri suke koyo ba, harshen tsuntsaye suke koyo a wurin wata tsohuwa, don su riƙa jin labarin abin da ke tafe daga daji kafin ya iso gari. Jarumar 'yar gudun hijira ce da aka kori ƙauyensu, tana zaune da kakarta a wani kango a bayan gari. Da Hausa take rubutawa, kuma kakar tana magana da Zamfarci tsantsa, da "munka" da "sunka" da "awo", yadda Inna take yi. Akwai mujiya a ciki, ba fara ba, irin tamu ce mai toka-toka, wadda duk gari ya tsana, ita ce kuma take fara kawo gargaɗi ba a saurare ta ba.

A hutun da ya wuce na je gidansu na tarar ta kai littafi na biyar. Na miƙa hannu zan ɗauka, sai ta riƙe shi ta ce: "Goggo, ki yi haƙuri, akwai layi." Ta juya bangon baya ta nuna mini sunayen 'yan ajinsu da na maƙwabta a jere, kowanne da ranar karɓa da ranar mayarwa a gabansa. Ta ɗauki biro ta rubuta nawa a ƙasa. Ni ce ta tara, kuma kwana biyu ta ba ni.